Shanun da Ba Za Su Kai Laraba ba

Ƙauyuka bakwai ke shan tafkin Marke a arewacin Babura, huɗu a Najeriya, uku a Nijar. Tun shekarar da ciwon huhu ya cinye garkuna, dagatansu suka ƙulla alkawari: baƙon garke ba zai sha ruwansu ba sai su bakwai ɗin sun amince a zamansu na ranar Laraba.

Ranar Juma'a, tsakiyar bazara, wani makiyayi mai suna Mele ya iso daga ƙetare da shanu arba'in. Rijiyarsu ta rufta. Dagaci Muhammadu Lawal, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ya tarar da su a bakin iyaka, biyu sun riga sun kwanta.

Ƙaninsa Ashiru ya ce, "Yaya, da hannunka ka dangwala a takardar nan. Ka jira Laraba."

Dagaci ya daɗe yana kallon haƙarƙarin shanun. Alkawarin ba wauta ba ne. Shi kansa ya binne saniya goma a waccan shekarar. In kowa zai karya shi duk ranar da tausayi ya kama shi, me ya rage?

"A ɗaura amalanke," ya ce. "Ba za su taka tafki ba. Mu za mu kai musu."

Kwana biyar ana jigilar jarkoki zuwa kwamin da aka ajiye nesa da shanun gari.

Ranar Laraba Dagaci ya riga kowa zuwa gindin marken da suke zama. Bai hau tabarmar dagatai ba, ya zauna a ƙasa, ya faɗi abin da ya yi tun ba a tambaye shi ba.

Zaharadeen, dagacin wani ƙauyen Nijar, ya ce, "To, sarkin gaggawa! Babu waya ne a garinku?"

"Na kira huɗu, ranka ya daɗe. Biyu suka ce sai an zauna, biyu ba su ɗauka ba."

"Da ka jira, da mun yarda."

"Na sani. Shanun ne ba za su jira ba."

Suka yanke masa barin tabarma har kaka: ya zo, ya saurara, ba shi da ta cewa. Ya ce ya karɓa, kuma da shi ne a kanta, haka zai yanke.

A hanyar gida Ashiru na ta mita. Dagaci kuwa yana ƙirga shanun Mele da suka miƙe suka nufi arewa. Talatin da tara.