Ɗumin Gareji

Sanije ba ta gama ɗauke yatsarta daga makunnin hitar ɗumama ɗakinta ba sai wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Gurnanin injinan da ke tashi daga gareji dare da rana ya yanke. Ta zauna a bakin gado, ta ja bargo bisa gwiwoyinta, tana jiran abin da ta san zai biyo baya.

Sai ga Besnik, ɗanta, ya banko ƙofa, hannayensa jiƙe har gwiwar hannu.

"Mama! Yau ma? Yau da baƙi za su zo?"

"Alwala na yi, ɗana. Yatsuna ne suka ƙi lanƙwasuwa."

"Sau nawa zan faɗa miki wayoyin gidan nan ba sa ɗaukar hitarki da na gareji a lokaci guda? In ruwan Pasha ya huce, wa zai ba ni wani?"

Ya zare hitar daga bango, ya naɗe igiyarta, ya rungume ta ya fita. Jim kaɗan gurnanin ya dawo.

Pasha kifi ne. Tsawonsa ya kai hannun babban mutum, kuma daga kogunan arewa masu zafi aka kawo shi. Wanda Ya halicci kifi Ya fi kowa sanin inda Ya ajiye shi, Ya kuma ɗumama masa ruwansa da rana ba tare da waya ko makunni ba. Amma Besnik ya ga bai dace a bar wannan tsari yadda yake ba. Ya tattaro halittun Allah daga ƙasashen zafi ya zuba su a tankunan gilashi, kowanne ya isa mutum ya miƙe a ciki, a nan garin Shepparton, can kudancin duniya, inda a watan Yuli, tsakiyar hunturu, ciyawa ke wayar gari fara fat da ƙanƙara. Ya lulluɓe bangon garejin da rufinsa da soso mai kauri, ya toshe duk wata kafa, har ya zama ɗakin da ya fi kowanne daraja a gidan. Sauran gidan kuwa katako ne, yadda marigayi Kemal, mijin Sanije, ya kafa shi da hannunsa lokacin da yake tsinkar tuffa a gonakin mutane, iska na ratsa shi kamar kwando. Mai gyaran wuta, in ji Besnik, yana nan tafe mako mai zuwa. Tun bara yake tafe.

Sanije ta yi tari, ta danne da gefen mayafinta kamar akwai mai sauraro. Yau Drita, babbar 'yarta, za ta iso daga birnin Melbourne. Likita ya gaya wa Drita cewa ƙirjin tsohuwar ba zai sake jure ɗaki mai sanyi ba, ita kuma ta riga ta samo mata gurbi a gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Sharaɗi guda ta gindaya kafin ta yanke hukunci: za ta zo ta ga ɗakin da idonta. Sanije kuwa ba ta son barin gidan da ta yi aure a ciki, ga masallaci a kusa, ga kabarin Kemal inda take zuwa ta yi masa addu'a. Don haka duk sanda Drita ta kira waya, sai ta ce mata zufa ma take yi.

Ta lallaɓa zuwa kicin ta gasa lakror, gurasar nan mai albasa a ciki, ta daɗe a tsaye gaban murhu fiye da yadda gashin ke buƙata. Da hantsi motoci suka fara tsayawa. Al'adar ƙungiyar masu kiwon kifin ado ce su riƙa zagaya garejin juna, su leƙa tankuna, su yaba a baki, su kushe a zuci. Ta ɗauki tiren ta nufi gareji, wurin da ba ta taɓa shiga ba sai da dalili.

"Ƙofa, Mama, ƙofa!" in ji Besnik.

Ta rufe da sauri. Ɗumi ya lulluɓe ta kamar an yafa mata bargon da aka shanya a rana. Ta ajiye tiren, ta ga wani bokiti a kife a lungu, ta zauna a kai. Ba wanda ya ce ta tashi, domin ba wanda ya ƙara duban inda take.

Manyan mutane ne masu furfura, sun sunkuya gaban gilashi cikin wani irin ladabi da ba a cika ganinsa a sahun salla ba. Shugabansu, wani mai tumbi da ake kira Norm, yana cin lakror yana wa'azi.

"Na sha gaya muku, ɗaki ake ɗumamawa, ba ruwa ba. Mai jefa hita a kowane tanki, wannan bai san ciwon kansa ba. Dubi yaron nan, ya ji magana. Digiri ashirin da takwas cif, ko'ina."

"Ai ko matarsa ba ta samu wannan kulawa ba," in ji wani siriri, "shi ya sa ta kama gabanta."

Suka kwashe da dariya, har da Besnik.

"Kai, ku saurara," in ji Norm, ya ɗaga yatsa. "Kun ji? Babbar hitar ta kashe kanta. Mu ne muka ɗumama ɗakin. Kowane ɗan Adam ƙaramar hita ne, ba ya kuma cin wuta. Ni da za ka ajiye ni a nan, Besnik, da ka huta."

"Ai kai giyar da za ka sha ta fi wutar tsada," in ji siririn.

Sanije ba ta bi zancen ba. Tana kallon Pasha yana juyi a hankali, ɓawon jikinsa na walƙiya, ta ce a ranta, tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ƙera wannan. Yatsunta suka saki. Ta ja numfashi har ƙasan ƙirji ba tare da tari ba, abin da ta manta rabonta da shi. Barci ya ɗauke ta, kanta jingine da gilashi.

Ƙarar ƙofa ce ta tashe ta. Drita ce tsaye, rigar sanyinta a jiki, ta bar ƙofar a wangale.

"Ƙofa!" in ji mazan gaba ɗaya, da murya guda kamar masu amsa liman.

"Ƙofar gidanku!" in ji Drita. Ta ɗaga wani ƙaramin ma'aunin zafi da ta zo da shi. "Besnik, daga ɗakin Mama nake. Takwas. Ka ji? Kifi ashirin da takwas, uwar da ta haife ka takwas. Ina hitarta?"

"Yaya, ki rufe ƙofar tukuna, sai mu yi magana."

"Ina hitarta, na ce?"

"Wayoyin ne ba sa ɗauka. Mai gyara yana zuwa..."

"Mako mai zuwa. Na sani. Da shi da tashin kiyama ban san wanda zai riga isowa ba." Sai a lokacin ta hango tsohuwar a kan bokiti. "Mama, zufar da kike yi ke nan? Tashi mu haɗa kayanki. Yau za mu tafi."

Baƙin suka shiga nazarin tankuna da himma, kamar yanzu aka kawo su.

Sanije ta dafa gilashi ta miƙe. Ta dubi 'yarta, ta dubi ɗanta, ta dubi faɗin da ke tsakanin tankin Pasha da bango.

"Me likitan ya ce, Drita? Ɗaki mai ɗumi ko Melbourne?"

"Ɗaki mai ɗumi, Mama, amma..."

"To ga shi. A kawo mini gadona nan."

"A gareji? Cikin kifaye? Mama, mutane su ce me?"

"Ubanku ne ya zuba simintin nan, ina miƙa masa ruwa. Gidana ne har nan."

Besnik ya ɓata fuska. "Mama, nan fa ba wurin kwana ba ne. Za ki riƙa shiga da fita, zafi na zurarewa. Ga shi nan nake son sa sabon tanki."

Norm ya goge bakinsa, ya yi gyaran murya, da nufin ya sassauta lamarin. "To, ni dai ba ruwana da maganar gida. Amma in ta lissafi ce, yaro, hita ce aka ba ka kyauta, dare da rana."

Ba wanda ya yi dariya. Drita ta dube shi kamar ta watsa masa ruwan tanki. Besnik kuwa ya kafa idonsa a kan babbar hitar da har yanzu ba ta sake kunna kanta ba. Haƙƙin uwa, wanda aka ambata masa tun yana yaro a gaban malam, bai taɓa sa shi yin irin wannan dogon tunani ba.

"Gaskiya," ya ce daga bisani, "in dai za ta riƙa rufe ƙofa, ba laifi."

Baƙin ne suka ɗauko gadon, biyu a gaba biyu a baya, Norm na ba da umarni. Drita ta shimfiɗa zanen gado tana share hawaye, ta rantse za ta dawo da mai gyaran wuta da kanta, ta kuma ce gurbin Melbourne yana nan ba ta soke shi ba. Sanije ta ce Allah Ya yi mata albarka, Ya kai ta gida lafiya.

Da la'asar gida ya yi tsit, sai gurnanin injina. Sanije ta yi alwala da ruwa mai ɗumi, ta shimfiɗa dardumarta a tsakanin tankuna biyu, ta fuskanci alƙibla. Pasha ya zo ya tsaya daidai kafaɗarta yana motsa baki. Ta yi sallarta a natse, gwiwoyinta na lanƙwasuwa ba gardama, ta daɗe a sujada.

Tana sallamewa ta ga Besnik tsaye a jikin bango, yana taɓa na'urar da ke daidaita zafin ɗakin.

"Me kake yi, ɗana?"

"Ba komai, Mama. Digiri ɗaya na rage, tunda kina nan."

Ta ɗauki carbinta, ta jawo mayafinta ta rufe kafaɗa.