Numfashin Alhaji Bubayero

A ƙauyensu da ke bayan Taura, babu wanda bai san minsharin Alhaji Bubayero ba. Mutum ne kakkaura mai gajeren wuya, yana da shanu da gonar gero. Mutane kan ce barcin ƙoshi yake yi. Shi kuwa kullum da ciwon kai yake tashi, har gyangyaɗi yake yi ana tsakiyar huɗubar Juma'a.

'Yarsa Khaulat, mai karatun jinya a Dutse, ta zo hutu. Bayan azahar ya miƙe a gindin darbejiya, ita da mahaifiyarta Inna Adama suna gefe suna ɓarar gyaɗa. Minsharin na ta tashi, sai ya ɗauke ɗif. Khaulat ta ɗago kai. Ƙirjinsa na motsi, amma iska ba ta shiga. Ta dubi agogon wayarta. Sai da aka yi daƙiƙa talatin da takwas kafin ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya ci gaba da barcinsa.

"Inna, kin taɓa ganin haka?"

"Shekara goma sha biyar ke nan," in ji Inna Adama, ba ta ko daina ɓarar ba. "In na ji shirun ya yi yawa, sai in taɓa kafaɗarsa ya dawo."

Khaulat ta daɗe tana kallon hannun mahaifiyarta.

Suka kai shi asibiti a Dutse, ya kwana da na'ura a yatsa da ƙirji. Da safe likita ya ce masa maƙogwaronsa ne ke rufewa in ya yi barci, kusan sau arba'in a awa guda. Ƙiba da kaurin wuya na kawo ciwon, shi kuma yana ƙara hawan jini.

"Irinku na da yawa a karkara, Alhaji. An mai da minshari abin dariya ne, shi ya sa ba a zuwa."

"Sau arba'in," Alhaji ya ce a hankali. "Kuma duk Allah na maido ni."

Aka ce ya rage ƙiba, ya daina kwanciya rigingine, ya dawo bayan wata guda. Inna Adama ta ɗinke ƙwallon goruba a bayan rigar barcinsa don kada ya juya.

Ran kwana na tara da dawowarsu, bayan asuba, ya kira Inna Adama.

"Na ga mahaifina yana shayar da shanu a fadama. Har farar saniyar nan tasa na gani." Ya shafa gemunsa. "Rabona da mafarki shekara da shekaru. Ashe ana mafarki har yanzu."