Gandiroban da ke Saman Radoje

Me zai sa mutum ya ji haushi don an yi wa maƙiyinsa ƙarya? Radoje ya juya tambayar nan a ransa har ya gaji, ni ma mai ba da labarin ban samo amsarta ba.

Lokacin annoba ne, da aka hana tsofaffin garin Nish leƙa ko bakin titi. Radoje na zaune a hawa na uku, Milutin na samansa. A zamanin ƙuruciya Radoje ya yi zaman gidan yari saboda wata magana da ta kuɓuce masa a mashaya, Milutin kuwa gandiroba ne a ɓangarensu. Da tsufa ya haɗa su a bene ɗaya, ko gaisuwa ba ta shiga tsakaninsu.

Tun da aka fara kulle, kowace safiya Milutin kan ƙwanƙwasa bututun ɗumama ɗaki da ya ratsa gidajensu. Radoje ya san bugun. Shi fursunoni kan yi a bango don na kusa ya san kana da rai, kuma Milutin ɗin nan ya sha hana mutane abinci a kansa. Radoje bai taɓa amsawa ba.

Sai wata tasha ta fara nuna wani fim mai dogon zango na ƙasar waje a kan kurkukun yankinsu. Da yake ba wurin zuwa, duk benen ya zuba masa ido. Radoje ya yi ta kallo da mamaki. Kowa a fim ɗin da haƙorin zinare, kowa a buge tun da safe, ruwan sama kuwa ba ya ɗaukewa. Gandirobobi na dukan mutane suna ƙyaƙyata dariya.

Zagorka, tela da ke hawan ƙasa, ita ke yi wa tsofaffin cefane. Ranar nan ta ajiye masa burodi da tukunyar miyar wake a ƙofa, ta ja baya, takunkumi a fuska.

"Kawu Radoje, ka ga na jiya?"

"Na gani. Ashe rana ba ta fitowa a ƙasarmu, ni ne ban lura ba. Ke ina haƙorinki na zinare?"

"Bar wasa, Kawu. Wai da gaske na samanka irin aikin da ya yi ke nan?"

"Je ki tambaye shi mana."

"Ni? Ƙafata ba za ta sake taka hawa na huɗu ba. Sauran matan benen da ke kai masa abinci ma sun ce sun janye hannu. Kai ka zauna a can, kai za ka faɗa. In ka ce ba haka yake ba, yanzu na kai masa nasa abincin."

"Ni ba lauyansa ba ne," in ji Radoje, ya rufe ƙofa.

Ya zauna da miyar a gabansa, ya kasa ci. Milutin ba shi da kowa a garin, kuma doka ta hana shi sauka. Radoje ya yi ƙoƙarin tuno Milutin yana dariyar mugunta irin ta fim, bai samu ba. Abin da ya tuno, wani mutum ne mai yawan kukan ciwon ƙafa, mai yanka albasa a kan gwiwa, wanda kan ce "a kwana lafiya" sannan ya murza mukulli. Mutumin nan ya taɓa marin Radoje. Ya kuma taɓa kawo masa bargo da zazzaɓi ya kama shi. Da dodo ne, da abin ya zo da sauƙi. Masu fim ɗin sun ɗauke masa mutumin da ya yi shekara da shekaru yana fushi da shi, sun aje wani da bai sani ba.

Washegari bugun ya zo a raunane. Kwana na gaba Radoje ya zauna kusa da bututun har shayinsa ya huce, bai ji komai ba.

Da Zagorka ta hawo da tukunyar miya, ya buɗe ƙofa tun kafin ta ajiye.

"Ki wuce da wannan sama."

"To, ka yarda ke nan mutumin kirki ne?"

"Wa ya ce miki? Ya mare ni, har yau kunnen nan ba ya ji sosai. Amma bai yi dariya ba. Kuma haƙoransa nasa ne, ruɓaɓɓu."

"Kawu, ni ban gane ba."

"Ni ma haka, 'yar nan. Yi sauri kafin ta huce."

Ta tsaya da tukunyar a hannu. "In bai buɗe ba fa? Tsoro nake ji. Ka kira shi mana, ya san ina tafe."

"Ba na magana da shi."

Ya koma ciki ya bar ƙofar a buɗe. Ya ɗauki cokali daga kan tebur, ya durƙusa a gaban bututun da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya buga irin bugun da suke yi a bango, ya dakata, ya kara lafiyayyen kunnensa a jikin ƙarfen, sannan ya sake bugawa.