Ƙodar Katafila

Ana busa usur titi ya kaure da sowa. Fararen riguna masu hoton ƙoda suka malalo kamar an ɓalle madatsar ruwa, ganguna na tashi, masu shaguna na tafi daga bakin ƙofa. Tattaki ne na tara gudummawa don binciken ciwon ƙoda, amma ita Amarya ba maganin gobe ya fito da ita ba. Mijinta Auta na gida, wankin ƙoda ya tsotse shi ya bar ƙashi da fata, jiya kuwa yayansa ya daki ƙirji ya ce zai ba shi ƙoda ɗaya.

Ga yayan nan a gabanta: Katafila, ƙaton da ke sauke buhunan siminti tun bai fara gemu ba. Rigar da aka ba shi ta ƙi rufe cibiya.

"Amarya, ɗaga ƙafa mana! Ko goyo kike jira?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah. 'Ya'yana sun kamo tsawona, har yau ni ce Amarya?"

"Har ki yi jika! Yau dai ki shirya guɗa. Muna isa rumfar gwaji ni ne na farko, a duba injin cikin nan nawa a gaban kowa."

Ta fashe da dariyar da ta manta tana da irinta. A ranta har ta ga Auta a tsaye bakin famfo, yana kwankwaɗar ruwa ba mai auna masa.

* * *

Da aka fara hawan gada, waƙa ta soma tsinkewa. Katafila ya laluba aljihu ya zaro katin jajayen ƙwayoyi, maganin ciwon jiki irin na tebur. Ya ɓalla ya watsa a baki, ko ruwa bai nema ba, sannan ya bi abokan aikinsa yana raba musu kamar alewa.

"Ungo, a sha mai! Mota ba ta hawa tudu da tanki fayau!"

Amarya ta matso kusa da shi.

"Yaya, wannan fa shi likita ya ce ya cinye ƙanenka."

"Auta raggo ne tun a goyo. Ni da shi nake karyawa, da shi nake kwanciya. In ban sha ba, ke za ki ɗaukar mini siminti?"

Ta ci gaba da tafiya a bayansa. Mai roƙo ba ya ɗaga murya. Abin da ya fi ci mata rai ma, ta kasa rabewa: shi take jin wa tsoro, ko ƙodar da ke cikinsa? Kafin ta samu amsa makaɗa suka sauya kiɗa, Katafila ya ɗaga hannuwa yana juyi, gada ta ɗauki shewa. Ita ma sai ta tsinci kanta tana tafi.

* * *

A rumfar gwaji ya ba da fitsari, ya miƙa damtse yana tsokanar nas ɗin.

"'Yata, nemo babban awo, wannan ba zai zagaye ni ba."

Ta yi murmushi, ta auna jininsa, ta sake aunawa. Ta dubi tsinken da ta tsoma a fitsarin, murmushin ya gushe. Sai ta durƙusa ta danna masa ƙwauri da babban yatsa. Da ta ɗauke, ramin ya zauna.

"Baba, tun yaushe ƙafarka ke kumbura?"

"Tafiya ce."

"Tafiyar yau ba ta yin haka. Gobe ka zo asibiti da wuri. Ba don ƙanenka ba, don kanka."

Katafila ya dubi ramin, ya dubi Amarya. Muryarsa ta yi ƙasa.

"To, amma dai ɗayar za ta yi masa, ko?"

Nas ta shiga naɗe abin awonta.

* * *

Sun tarar Auta ya sa an fito masa da kujera ƙofar gida, ya saka sabuwar riga. Tun daga nesa yake ɗaga hannu.

"Yaya! An dace?"

Katafila ya zauna a dakali, ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kwance igiyar takalmi.