Sunan Ɗan Fari a Kaset

An kashe talabijin kafin kaset ɗin ya kai rabi, kuma tun ranar Delu ba ta sake leƙa ƙofar gida ba.

Abin ya faru ne a Kusfa, cikin birnin Zariya, a daminar 1997. Wata ƙungiya ta tara matan da mazansu suka rasu, ta kawo kyamarar bidiyo domin kowacce ta ba da labarin rayuwarta da bakinta. Matan ne ke ɗaukar junansu. Malama Jamilatu, mai koya musu riƙon kyamara, ta ce su saki jiki, ai duk mata ne.

Delu mai ƙosai ta saki jiki. Ta yi maganar ɗanta na fari, wanda tun haihuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". A gaban kyamara ta ce Nasidi. Ta ce lokacin da ƙyanda ta kama shi a ɗakin kakarsa, laɓewa take yi bayan katanga tana sauraron tarinsa. Ta yi kuka.

"Oh, Delu, yau kin zubar da kunyar da kika tara," in ji Batulu, mai riƙe da kyamarar. "Tsaya in matso, a ga hawayen da kyau."

Aka yi dariya, har da Delu.

Ranar rufe taro Jamilatu ta gayyato iyalan matan ba tare da ta tambaye su ba. Aka kunna kaset ɗin a talabijin, maza a gaba kan benci, mata a baya. Nasidi, magidanci yanzu, yana tsakanin surukansa lokacin da sunansa ya fito daga bakin uwarsa. Wata tsohuwa ta yi salati. Delu ta ja gyale ta rufe fuska. Nasidi ya tashi ya fita, kansa a ƙasa.

Jamilatu ta je ba da haƙuri. Daga cikin ɗaki Delu ta amsa.

"Malama, ke kika ce duk mata ne."

"Na ce, Iya."

"To, a ƙona kaset ɗin."

Washegari Nasidi ya yi sallama a zauren su Jamilatu. Bai dube ta ba.

"Malama, ko za a ara mini kaset ɗin nan? Ban ji ƙarshen ba."

Kaset ɗin ɗaya ne, babu wani. Yana cikin jakar Jamilatu, kuma har yanzu ba ta ba kowannensu amsa ba.