Yatsan Ummaru

Ni Hamdiyya, kullum daga Jega nake hawa mashin in je koyarwa wani ƙauye kusa da Fagada. Aji ɗaya aka ba ni, yara cike har bakin ƙofa, ga surutu kamar kasuwar albasa. A cikinsu akwai Ummaru, ɗan Tukur mai shanu, yaro mai shiru da manyan idanu.

Bayan girbi Tukur ya zo ya same ni gindin darbejiya. Ya ce ƙanensa zai yi kudu da garke in ciyawa ta ƙare, kuma yana son yaro mai taimako.

"Malama, in wanga yaro yana karatu, in bar miki shi. In zaman banza yake, ya bi shanu."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na san uwar yaron, Shafa'atu, ta gama firamare a Aliero kafin aure. Na ɗauki ɗan littafi mai hotuna, na akuya da ta shiga gonar albasa, kowane shafi layi ɗaya, na kai mata har gida. Na ce ta zaunar da shi kusa da ita, ta kama yatsansa, ta bi da shi ƙarƙashin kowace kalma. Ta sunkuyar da kai ta ce to.

Ba a jima ba Ummaru ya fara ba ni mamaki. In na ɗaga nawa littafin a aji sai ya zubo shi daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe babu. Wallahi na ji daɗi, har alawa na saya masa.

Ranar da Tukur ya dawo, ni da kaina na miƙa masa littafin ina taƙama. Bai yi boko ba, amma ya yi allo, ya san yadda idon mai karatu ke tafiya. Ya buɗe tsakiya, ya rufe hoton da tafin hannunsa, ya ce wa yaron, "Karanta."

Ummaru ya ɗaga kai yana kallon rufin kwano, ya soma daga shafin farko. Tukur ya juya wani shafin. Yaron ya ci gaba da zuba abinsa, bai ko duba ba. Uban ya rufe littafin a hankali, ya ce mini na gode, ya tafi. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Ana tashi na nufi gidansu, ina huci. Na tarar da Shafa'atu a bayan zana tana tankaɗe, ƙaramar ɗiyarta Fadila na wasa a gefenta.

"Ke Shafa'atu, mi kika yi wa yaron ga? Ba na ce ki kama yatsansa ba?"

Ta dubi ɗakin surukarta, ta rage murya.

"Malama, ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa faɗi ba. Wurin kakarsa yake ci, can yake kwana. Yaya zan zaunar da shi jikina, Inna na kallo?"

Ashe abin da take yi, kullum da la'asar sai ta ɗora Fadila a cinya, yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba, ta yi ta karanta mata da ƙarfi. Ummaru kuwa yana ɗaya gefen zanar, wurin kakarsa, yana sauraro. Ta karanta har muryarta ta dushe, shi kuma bai taɓa ganin shafin ba. Na san kunyar ɗan fari, mu ma muna yinta a Jega, amma ban zaci za ta kai nan ba. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma bai sake ni ba.

Na ce, "Jibi ƙanen Tukur zai tashi da garke. In ya nuna wa ubansa ko kalma biyu da yatsa, zan durƙusa in roƙi uban ya bar shi. Amma ni ina da yara cike da aji, ke ce a gida."

Sai ta kakkaɓe garin hannunta, ta ɗauki littafin, ta zagaya zanar. Tsohuwa na zaune kan tabarma tana gyaran wake, ta ɗago ta dube ta. Shafa'atu ba ta tsaya ba. Ta durƙusa gaban Ummaru, ta buɗe shafin farko, ta kama hannunsa.

Yaron ya fizge hannun kamar ya taɓa murhu. Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa, ya ruga bayan kakarsa ya ɓoye fuska cikin zanenta. Na kira shi, na lallaɓa, na yi faɗa. Kunyar uwarsa yake ji, haka aka koya masa tun yana rarrafe.

Shafa'atu ta daɗe a durƙushe, hannunta a miƙe. Jibin, da na kira sunaye a aji, wani yaro ya ce Ummaru ya bi shanu tun da safe.