Auta Ta Sani

Jaka ɗaya, laima, kwalin shayi biyu, maganin ciwon gwiwa na Kawu, da takardun aiki da na san ba zan buɗe ba. Abin da na ɗauko ke nan. Muna bayan wata motar masara, mun yi kusan awa ba mu samu wucewa ba, sai Yaya, da ke tuƙa mu gida, ya tambaye ni ko zan buƙaci itace mai yawa. Na ce itacen me? Ya yi dariya, ya ce har yanzu ban daina zolaya ba.

Shekara goma sha tara rabona da taron girbi na gidanmu. Tun ina 'yar sha ɗaya aka kai ni makarantar kwana, daga can na wuce gaba. Abin da na iya tunawa kaɗan ne. Kowane gida a danginmu yakan kawo farkon abin da gonarsa ta ba shi, a haɗa a babbar tukunya guda, kuma ba mai taɓa sabon amfani sai an ci wannan. Inna ce take dafawa. Inna ta rasu bana, kafin damina.

Da muka isa, tsakar gida ta cika. Kabewa jere a gindin bango, wake a kwanduna, ɗanyar masara, dankali, albasa, kaji huɗu a ɗaure. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce boko ya tsotse ni, sannan ta ɗaura mini zane a kan siket ɗina ta miƙo mini muciya.

Na ce ta wa?

“Taki mana. Uwarki ta ce Auta ta sani.”

Na ɗauka wasa ne. Na duba fuskoki, ba mai dariya. Ashe ana saura kwana biyu Inna ta cika, Kawu, wanta, ya tambaye ta wa zai riƙe tukunya, ta ba shi wannan amsar. Shi ya sa aka yi ta kirana a waya har na ɗauki hutu.

Na ja Gwaggo gefe na ce ai ita ta shekara talatin tana zuwa, ta fi ni sani. Ta ce ita aikinta feraye ne, kanta a sunkuye yake wuni, yaushe ta ga abin da ake zubawa? Matar Yaya ta ce ita tun da aka kawo ta gidan wanke-wanke take yi. Yaya ya ce shi nasa faskare. Kowa da aikinsa, kowa ya ci ya lashe hannu, ba wanda ya taɓa leƙa tukunyar.

Na gwada wata hanya. Na ce kowa ya faɗa mini ɗanɗanon da ya tuna. Gwaggo ta ce kabewa ce gaba, har narkewa take yi. Matar Yaya ta rantse ba ta taɓa ganin kabewa a ciki ba, daban ake dafa ta. Yaya ya ce akwai yaji sosai. Gwaggo ta ce ƙarya yake, shi ne ke barbaɗa wa kwanonsa. Suka kaure. Aka kira Kawu ya raba gardama, ya ce shi haƙoransa kawai suka san abin, kuma sun zube.

Da ya gama dariyarsa sai ya dube ni.

“In ba ki sani ba, ki faɗa, ba laifi. Kowa ya kwashi kayansa ya dafa a gidansa. Dama tukunyar ce ke tara mu.”

Na ga wata 'yar'uwa ta fara laluben kwandonta da ido.

Na shiga kicin. Tukunyar tana kan murhu, an wanke ta, ta kai ni ƙugu. Na tsaya ina neman ranar da Inna ta koya mini wani abu. Guda ɗaya na samo. Wata shekara ina can, na kira ta a waya na tambayi yadda ake yi. Ta ce in duba abin da aka kawo, in fara da mai taurin. Ina da jarrabawa washegari, na ce na gane, na kashe. Ban sani ba ko girkin ke nan gaba ɗaya, ko farkonsa ne na katse ta, ko sallamata kawai ta yi.

Gwaggo ta biyo ni da kabewa a rungume, matar Yaya na bayanta tana cewa a mayar. Dukansu suka tsaya a bakin ƙofa suna jiran hukuncina.

Na karɓi kabewar. Na ce a shigo da wake da masara, a yanka kajin, Yaya ya hura wuta. Gwaggo ta tambaya ko na tuna ne. Na ce ta koma ferayenta.

Da suka gama shigo da kaya na tura ƙofar na sa sakata. Wake zan fara zubawa, sauran su biyo baya duka, kuma duk abin da ya fito zan ce haka Inna take yi.